Dajin Da Falk Ya Fesa Wa Ja

Ku da kuke bina tun farko kun san halina, amma saboda sababbin zuwa bari in sake faɗa. Sunana Henrike Uhlig, a gida Rike ake ce min, shekarata ashirin da bakwai, kuma aikina fentin 'yan tsanar katako a wani ɗan kamfani da ke ƙasan garinmu. Abu ɗaya ne ba na yi wa kowa kara a kansa, shi ne launi. Nuna min ganye sau ɗaya, zan haɗa maka irinsa a murfin kwalba. Wasu na cewa ina ji da kaina. Ban musa ba.

Wannan Lahadin, tun da safe na gane Mama ta ƙulla wani abu. Ta shimfiɗa farin ƙyallen teburin kakarta, ta goge cokulan azurfa, ƙamshin gasasshiyar agwagwa da jan kabeji ya hau har saman bene. Na sauko da wandon aikina mai ɗigon fenti da tsohuwar rigar sanyin Baba. Ta kalle ni daga kai har ƙafa, ta ce in koma in sa doguwar rigar nan mai ruwan toka da ta saya min, in kuma san yadda zan yi da gashina. Ban tambayi waye baƙon ba. Mutum ɗaya ne Mama ke fito wa da azurfa.

Clemens Lorenz ke nan, likitan ido a Chemnitz, ɗan ƙawar Mama. Tun bazara ya nuna yana so na, na ce ya ba ni lokaci, shi kuma ya bayar ba tare da ya ɓata rai ba. Kada ku jira in kushe muku shi, don ba shi da abin kushewa. Yana da natsuwa, yana sauraron mutum har ya gama magana, takalmansa kullum a goge. Ranar ya zo da furanni biyu, ɗauri ɗaya na Mama, ɗaya nawa. Matsalarsa ɗaya ce a wurina, ba shi ne Falk ba.

Falk Neubert kafinta ne. Shi ke harhaɗa teburan ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa na wasa da Baba ke shugabanta, a tsohon ɗakin ajiyar kaya na tashar jirgin ƙasa ta garinmu. A can muka saba, ni ina saman tebur ina dasa 'yan ƙananan itatuwan ado, shi yana ƙarƙashi yana ɗaure ƙafafu, muna hira ba ma ganin juna. Bai taɓa buɗe baki ya ce yana so na ba. Abin da ya ce kawai, akwai maganar da zai yi min idan ya samu gurbin koyon tuƙin jirgin ƙasa. Ya ci jarrabawar rubutu, ya ajiye aikin kafinta tun ƙarshen watan jiya, gwajin lafiya kaɗai ya rage masa kafin sabuwar shekara. Baba kuwa, da ya yi rayuwarsa duka yana tuƙa jirgi a kwarin nan, tun ranar da ya ji haka ya daina ce masa "kai yaro" ya koma kiran sunansa.

To kun ga yadda gidanmu yake. Mama na ja ta nan, Baba na ja ta can, ni ina tsakiya ina cin dunƙulen dankali.

A kan tebur Mama ta yi ta jefa magana a fakaice. Ta tambayi Clemens ko gidansa bai yi masa girma shi kaɗai ba. Ta ce 'yar maƙwabtanmu da ta girme ni da wata biyu kacal tana da ciki na biyu. Ta ce akwai mutanen da ke ajiye aiki a hannu saboda wanda ba su samu ba tukuna, ita dai ba ta ambaci suna ba. Baba ya ce da kowa na tunani irin nata da har yanzu da keken doki ake zuwa Dresden. Clemens ya yi murmushi ya ƙara kabeji. Ana haka wayata ta motsa a kan cinyata, na leƙa ta ƙarƙashin ƙyallen tebur, saƙon Falk ne.

"Na rage miki aiki. In kin gama cin abincin manya ki zo ki ga tudunki. Kada ki yi min godiya da yawa, kunya nake ji."

Sai da na cije leɓe don kada murmushi ya tona ni.

Ga labarin tudun. Kowace shekara, Asabar ta farkon shirin Kirsimeti, ƙungiya kan buɗe ƙofa mutanen gari su zo kallo. Bana mun ƙara sabon tudu a bayan babbar gada, muka dasa masa ɗaruruwan itatuwa na saye. Matsalar itacen saye ita ce korensa ya cika ƙyalli, sai ka ce ledar alawa. Babu dajin da yake haka. Dole a kashe masa kaifi da wani kore mai duhu da ɗan toka a ciki, a fesa shi sama-sama. Ranar Juma'a na haɗa wannan koren na bari a kwalba a kan kanta, kusa da wata kwalbar mai ruwan tsatsa da muke shafa wa gefen layin dogo. Ba na rubuta wa kwalabena suna, idona ya ishe ni. Na kuma yi wa Falk ƙorafin cewa aiki ya yi min yawa a kamfani, ban san yaushe zan samu sararin feshin ba.

Da aka gama shan kofi na ce zan leƙa tasha. Baba ya miƙe ya ɗauki hularsa. Mama ta yi caraf ta ce ai Clemens bai taɓa ganin wurin ba, ya kamata ya raka mu. Haka muka taka mu uku a kan dusar ƙanƙarar da ta fara kwanciya, ni da rigar fita da takalmi mai tsini, ina zamewa, Clemens na tare min gwiwar hannu.

Kawu Siegmar, wan Mama kuma mataimakin Baba a ƙungiya, muka tarar a bakin ƙofa yana shan taba. Da ya gan mu ya fara dariya har da tari. Ya ce wa Baba ya shiga a hankali, gobara ta tashi a bayan gada.

Na riga kowa shiga. Ƙaramin kwarin da muka gina a kan teburan yana nan yadda na bar shi, kogi, gonaki, ƙauye da cocinsa, komai kore shar kamar yadda ƙasarmu take a tsakiyar bazara. Amma tudun bayan gada, tun daga gindi har ƙololuwa, ja ne. Ja mai ruwan tsatsa, kamar tsohon kwanon rufi. Ko itace ɗaya bai tsallake ba, har masu ganye kamar allura da ba sa canza launi duk shekara. Aiki ne kuwa mai tsafta, an rufe layin dogo da jarida, ba ɗigo ko ɗaya a kan gada.

Falk ya fito daga ƙarƙashin tebur yana goge hannu a jikin rigarsa mai gidan dara, garin katako a gashinsa. Ya gaida Baba, ya miƙa wa Clemens hannu, sannan ya juyo gare ni fuskarsa a washe.

"Ya yi duhu kaɗan ko? Na ce in ya bushe zai washe."

Baba ya tambaye shi ko wasa yake yi. Muryarsa a ƙasa take, irin wadda na fi tsoro. Ya ce wannan kwarin bazarar shekarar da ya fara tuƙi ce, duk wanda ke ƙungiyar ya sani, saura ƙasa da mako a buɗe ƙofa, wane irin rashin hankali ne wannan. Kawu Siegmar ya ce wataƙila yaron ya ga mun gaji da bazara ne. Falk ya kalli Baba, ya kalli tudun, ya sake kallon Baba. Murmushin na nan a bakinsa amma idonsa ya fara neman taimako.

Masu karatu, na san fuskar Falk idan yana tsokana, kunnensa na hagu ne ke fara yin ja. Wannan ba ita ba ce. Mutumin nan yana kallon jan daji ne yana ganin kore. Na juya na kalli kanta. Kwalbar korena cike take, ba a ko buɗe ta ba. Ta tsatsar ce ta koma rabi. A take abubuwa suka riƙa faɗo min, ranar da ya tsinko min tumatir ɗanye a lambun mahaifiyarsa yana cewa ya nuna, da ranar da ya zo da safa kala biyu muka yi ta dariya. Sai na tuna gwajin lafiya, na tuna fitilar danja ta bakin tasha.

Ban ba kowa damar ƙara magana ba.

"Ni na sa shi, Baba. Shimfiɗar fenti ce ta farko. Lokacin kaka zan yi a tudun nan."

Baba ya ce kaka a ina, ga mutane na wanka a kogi. Na ce masu wanka gam ne ya riƙe su, zan ɗauke su. Na ce shi da kansa ya sha gaya min cewa a kwarin nan ganye daga saman tudu yake fara juyawa, ƙasa tana kore sama ta yi ja, direba na ganin lokaci biyu ta taga ɗaya. Na ce kowace ƙungiya a yankin nan bazara take nunawa, mu za mu nuna abin da ba su iya ba. Ina magana ina jin mamakin bakina. Baba ya daɗe yana kallona. Ya ce in Juma'a ta yi abin bai yi masa ba, da hannunsa zai tumɓuke itatuwan ya bar tudun tsirara. Na ce na yarda.

Falk ya ji na yi ƙarya, bai san dalili ba, ya dai koma ƙarƙashin tebur.

Da za mu fita Clemens ya rage tafiya har Baba ya yi gaba. Ya gyara min wuyan kwat ɗina, ya yi magana a hankali.

"Ba ke kika sa shi ba. Shi ne wanda zai yi gwajin tuƙi?"

Na gyaɗa kai.

"Ki turo min shi kafin ranar gwajin. Gara ya ji a ɗakina da ya ji a gaban baƙi. Ba wanda zan gaya wa."

Na so a ce da mugunta ya faɗa, da na samu abin riƙewa. Amma da tausayi ya faɗa. Ya ƙara da cewa ita maganarmu tana nan, bai gaji da jira ba.

Washegari na roƙi shugabar aikina ta riƙa sakina da wuri, na ɗaure gashina da tsohon gyale na shiga tudun. Ba wanke fentin zan yi ba, garin soson da ake yi wa itatuwan ganye ba ya jure wanki, zubewa yake. Hawa kansa zan yi. Na fara da masu allura, na tsige su ɗaya bayan ɗaya, na soka su a jikin kwali, na mayar da su kore mai duhu sosai, kusan baƙi. Da na mayar da su wurinsu sai jan da ke kewaye ya daina ihu, ya samu abin jingina. Daga nan na ɗauki 'yar bindigar feshi na tsinka fenti da ruwa har ya koma kamar shayi. Na fesa ruwan ɗorawa daga sama kawai, ta inda rana ke faɗowa, na bar jan Falk a ƙarƙashin rassa ya zama inuwa. Wasu na ba su ruwan goro, wasu na bar su yadda suke, don a daji ba a samun maƙwabta biyu masu riga iri ɗaya. Gindin tudu kuwa, inda ya haɗu da kwarin Baba, na yi ta sako kore a hankali har ba ka iya nuna inda bazara ta ƙare. Na can baya da suka jingina da bango na yi musu hazo-hazo da shuɗi mai toka, don ido ya ɗauka nesa suke.

Gaskiya ɗaya zan faɗa muku, jan nan ya fi duk shimfiɗar da zan iya haɗawa kyau. Kawu Siegmar ya zo ya tsaya hannu a baya, ya ce to, gobarar dai ta fara zama daji.

Falk kullum yana zuwa, yana riƙe min kwali, yana wanke min bindiga, amma hirarmu ta mutu. Ranar Laraba muka samu kanmu mu biyu, hasken yamma na shigowa ta dogayen tagogi. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya tambaye ni me ya sa na yi wa Shugaba ƙarya, kuma me ya sa kowa ke cewa ja.

Na kwana biyu ina shirya yadda zan lallaɓa maganar, amma da lokacin ya zo sai na ga lallaɓawa raini ne. Na ɗauko kwalaben biyu na ajiye a gabansa, na ce ya nuna min koren. Ya kalle su, ya yi 'yar dariya, ya ce ai duk kusan ɗaya ne, wannan dai ya ɗan fi duhu. Ya ɗora yatsa a kan tsatsar.

"Falk, wannan ja ne. Idonka ba ya raba ja da kore."

Ya ce ƙarya ne, ai yana tuƙa mota, bai taɓa tsallake danja ba. Na ce ta mota ya san ta sama ce ta tsayawa, ta ƙasa ce ta tafiya. Fitilar jirgi kuwa daga nesa ɗigo ɗaya ce a cikin hazo, da mutane ɗari a bayanka. Can ya ce tun yana makaranta ake yi masa dariya a kan launi, ya ɗauka shi dai bai iya sunayensu ba ne, kamar yadda wasu ba sa riƙe sunan furanni. Ya ce mahaifiyarsa ce ke zaɓar masa riga har yau. Yana faɗa muryarsa na raguwa.

Na gaya masa maganar Clemens. A nan ne ya ɗago.

"Wato shi ma ya sani. Kun zauna kun yi shawara a kaina."

Na ce ba haka ba ne, da idonsa ya gani. Ya ce ya gane, likita ya gani, mai fenti ta gani, shi kaɗai ne makahon. Ya cire rigar aikinsa ya rataye a ƙusa a hankali, ya ɗauki kwat ɗinsa ya fita. Bai buga ƙofa ba. Da ya buga da ya fi min sauƙi.

Na tura masa saƙo kafin in bar tasha. "Ban yi nadamar gaya maka ba. Ina nan." Ya karanta bai amsa ba. Washegari na sake turawa, "Ka ci abinci?" Shiru. Na ɗauki hoton tudun na tura masa, sai da ya tafi na tuna ba zai ga abin da nake so ya gani ba, na zauna a kan bokitin fenti na yi kukana ni kaɗai. Da na gama na share fuska, na ɗauke masu wanka daga kogi, na dasa masu tonon dankali a gonar gefen coci, na barbaɗa garin busasshen ganye a gindin itatuwa da kan rufin gidan mai gadin gada.

A gida Mama ta lura Falk ya ɓace, ta kuma lura da idona. Ba ta yi murna a fili ba, amma ta fara rera waƙa a kicin. Ta shigo ɗakina da kayan guga ta zauna a bakin gado, ta ce ita ba ƙin yaron take ba, tsoro take ji. Ta ce ta auri mai son jirgi ta san yadda abin yake, rabin rayuwarta jiran ƙarar ƙofa ta yi. Ta ce so take in samu wanda zai dawo gida kullum a lokaci ɗaya. Na rungume ta na ce na ji. Ban ce na yarda ba.

Ranar Juma'a Baba ya zo duba aiki. Ya sa tabarau, ya zagaya ta hagu, ya zagaya ta dama, ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da layin dogo. Ya kunna ƙaramin jirgin hayaƙinsa ya bar shi ya fito daga ramin dutse ya hau gada, jan daji da ruwan ɗorawa a bayansa. Ya sa ya sake zagayowa. Sannan ya miƙe yana dafe da ƙugu ya ce itacen da ke kusa da bakin rami ya karkace, in gyara. Ku da ba ku san Baba ba, wannan ita ce lambar yabo.

Asabar ɗakin ya cika tun da hantsi. Ƙamshin gasasshen tsiren nama na shigowa daga waje, tagogi sun yi gumi, iyaye sun ɗora 'ya'ya a wuya. Na sa jan siket ɗina na ulu da baƙar riga, na saki gashina, na sa 'yan kunnen kakata. Mama na teburin kofi tana yanka burodin Kirsimeti mai zabibi, Clemens na taya ta miƙa faranti. Mutane suka yi dafifi a gaban gada. Wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce daidai haka tudun yake ranar da aka ɗaura mata aure. Shugaban ƙungiyar garin da ke maƙwabtaka da mu ya tambayi Baba a ina muka sayi itatuwan, Baba ya nuna ni da haɓa ya ce a gida ake haifarsu.

Ina cikin amsa gaisuwa na hango shi a bakin ƙofa. Ya yi aski, ya sa kwat ɗin zuwa coci, fuskarsa ta faɗa. Bai nufo ni ba. Ya ratsa mutane kai tsaye zuwa inda Baba ke zaune a gaban maɓallan sarrafa jirage. Na ajiye kofin hannuna na bi shi.

"Shugaba, Rike ba ta sa ni ba. Na ɗauka kore nake fesawa. Na je wurin likita Clemens ya gwada ni, ba zan taɓa tuƙa jirgi ba. Na janye takarduna."

Baba bai ɗago daga maɓallan ba. Jirgin kaya ya wuce, na fasinja ya shiga tasha.

Falk ya ci gaba. Ya ce tsohon maigidansa ya riga ya ɗauki wani a gurbinsa. Ya ce amma likita ya yi masa kirki, yana da ɗan'uwa mai wurin ƙera kwale-kwalen katako a bakin teku kusa da Rostock, ya buga masa waya, suna neman kafinta. Ranar Litinin zai tafi.

Na juya na kalli Clemens. Yana tsaye da faranti a hannu, ya haɗa ido da ni bai kawar ba. Har yanzu da nake rubuta muku wannan ban san ko taimako ya yi ba, ko hanya ya share wa kansa. Wataƙila shi ma bai sani ba. Rostock dai ita ce ƙarshen ƙasar nan, daga ita sai ruwa.

Sai a lokacin Falk ya dube ni. Ya ce akwai maganar da ya yi alkawarin zai yi min, amma sharaɗinta ya faɗi, don haka ya sake ni, kada in jira komai. Ya faɗa a tsaye ƙyam kamar mai karanta sanarwa.

Masu karatu, na san akwai masu cewa mace ta ja aji, ta bari a biyo ta. Ni na duba ne na ga in na ja aji, Litinin za ta zo ta wuce da mutumin nan, ni kuma in zauna ina fentin 'yan tsana ina jiran wani ya yanke min rayuwata. Ga Mama ta matso da tiren burodi a hannu, ga rabin garinmu a ɗakin. Na ce a raina, gara ma kowa ya ji lokaci ɗaya.

"Kai ka sa sharaɗin, ba ni ba. Ni ba direba na ce ina so ba. Ka tafi Rostock ɗin ka nema mana ɗaki mai babbar taga, kwale-kwale ma ai fenti ake yi masa. Amma kafin ka tafi, gobe za ka zo gidanmu ka nemi aurena yadda ake yi."

Na ji tiren Mama ya sauka a kan tebur da ƙarfi, cokula suka yi ƙara.

Baba ya miƙa hannu ya murɗa babban maɓalli. Duk jiragen da ke kwarin suka tsaya cak, wani a tasha, wani a tsakiyar gada. Ɗakin ya yi tsit har ana jin tafasar tukunyar kofi. Ya cire tabarau ya ninke, ya sa a aljihu, ya kalli Falk, ya kalle ni. Na kasa karanta fuskarsa, ni da nake taƙamar na san ta.

"Henrike," ya ce, kuma rabon da ya kira cikakken sunana har na manta. "Sake faɗa. Ban tabbata mahaifiyarki ta ji ba."

"Na ji," in ji Mama daga bayana.

Na kama hannun Falk, sanyi ƙalau kamar ƙarfe. Na juya na fuskanci Mama, na sake faɗa.